Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitocin ƙungiyoyin taimakon jama'a na zangunan Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu alhazai da hajiyoyi, malamanmu da magajiyoyinmu, da yayyenmu da ke riƙe da kwamitocin gudanarwa na ƙungiyoyin taimako a Aboabo, Asawase, Sawaba, Sepe Tinpom, Tafo da sauran zangunan Kumasi. Allah Ya ƙara girma, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar marayu, zawarawa, masu naƙasa, kayaye (mata masu dakon kaya a kasuwa) da matasan da kuke koya wa sana'a.

Mu masu wannan wasiƙa aikinmu sakatariyanci da ajiyar lissafi a irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma roƙonmu ɗaya ne. Ku buɗe kujeru a kwamitocinku ga mutanen da ƙungiya ta taɓa taimaka wa, kujeru masu cikakkiyar ƙuri'a, sannan ku yi shirin da zai sa kujerar ta amfane ku ba tare da ta cuci wanda ya hau ta ba. Wasunku sun riga sun fara. Yadda ake yin ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamitin da ya tara lauya, akanta, malamin jami'a da attajiri zai iya zama ya amince a sayi kekunan ɗinki masu lantarki don raba wa 'yan matan da suka gama koyo, kowa ya tafi gida yana murna. Wadda ta taɓa karɓar keken ita za ta gaya muku cewa a gidan haya mai mita ɗaya, ranar da maƙwabta suka ji ƙarar keke ranar rigimar kuɗin wuta za ta tashi, mai gida ya hana, bayan wata biyu a sayar da keken a biya bashi. Keken ƙafa da tebur da kuɗin yadi na farawa sun fi mata. Ita za ta gaya muku cewa rabon abinci da ƙarfe goma na safe bai samun kayaye, domin a lokacin suna kasuwar Kejetia da kwano a ka. Ita ta san cewa waɗanda ƙungiya ta yi wa katin inshorar lafiya bara da yawansu katin ya mutu, tunda ba wanda ya zauna da su ya nuna musu sabuntawa ta waya da *929#. Ma'aikaci zai iya jin waɗannan abubuwa, amma ba ko yaushe yake kai wa kwamiti labarin da zai nuna aikinsa bai yi kyau ba.

Abin ba baƙo ba ne a duniya. A Amurka, cibiyoyin lafiya na unguwanni da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya dole ne aƙalla kashi 51 cikin 100 na 'yan kwamitinsu su zama marasa lafiyar da ke zuwa cibiyar. Hukumomin yaƙi da talauci na can, waɗanda suka samo asali daga dokar 1964, ana ware aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kujerunsu ga wakilan masu ƙaramin ƙarfi. Taron ƙanjamau na Faris a 1994 ya amince a riƙa sa masu ɗauke da cutar cikin yanke shawara. A nan gida ma, kwamitocin da ke kula da kason masu naƙasa na asusun majalisun gundumomi suna da wakilcin masu naƙasar.

Mu fara da doka, domin nan ne ake yawan cutar bayin Allah ba da niyya ba. Ƙungiyar da ta yi rajista a ofishin magatakardan kamfanoni a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba tana ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, wato doka mai lamba 992. A idon wannan doka, duk wanda aka rubuta sunansa a kwamitin gudanarwa darakta ne. Ba ta san ɗan kwamiti na ado ba. Nauyin amana da sashe na 190 ya ɗora wa Alhaji ciyaman shi ne dai ya ɗora wa bazawarar da ke sayar da koko da ƙosai idan an naɗa ta. Kafin naɗi sai mutum ya ba da yardarsa a rubuce, ya kuma yi rantsuwa a takarda cewa cikin shekaru 5 da suka wuce ba a tuhume shi ko an same shi da laifin zamba ko rashin gaskiya ba. Ƙungiyoyin da ke aiki da waɗanda suka fito daga gidan yari su lura da wannan tun kafin su yi wa wani alkawarin kujera, kada a ɗaga shi sama a gaban jama'a sannan a sauke. Wanda bai kai shekara 18 ba bai zama darakta, don haka ƙungiyar yara sai ta nemi tsofaffin ɗalibanta da suka girma ko iyayen yaran. Ana buƙatar katin Ghana, wanda lambarsa ita ce lambar harajin mutum tun 2021, kuma ana sanar da magatakarda canjin daraktoci cikin kwana 28.

Saboda haka kada a miƙa wa mutum takardun nan a ce "sa hannu a nan, Hajiya, ba wani abu ba ne." Wani abu ne. A zauna da ita awa guda, da harshen da take ji, a karanta mata abin da za ta rantse a kai. A gaya mata gaskiyar halin da ƙungiya ke ciki: ko an kai rahoton shekara ga magatakarda, ko lasisin sakatariyar ƙungiyoyi marasa neman riba yana da rai, ko odita ya duba lissafin bara, ko akwai bashin hukumar fansho ta SSNIT da na hukumar haraji ta GRA. Ƙungiyar da ke da bashin shekara biyu a waɗannan wurare ta fara share gidanta kafin ta gayyaci talaka ya sa wuyansa.

Kujera nawa? Shawararmu, a kwamitin mutum 9 a ware 3, a na mutum 7 a ware 2. Kujera ɗaya tilo ita ce kuskuren da ya fi yawa. Mutum ɗaya a tsakiyar manya takwas, in ya kawo shawara ba mai mara masa baya, in ya yi rashin lafiya muryar ta ɓace, kuma duk abin da ya faɗa sai a ɗauka ra'ayin dukkan zawarawan Kumasi ne. Idan su biyu ne ko uku suna iya saɓa wa juna, kwamiti ya ga cewa waɗanda ake taimaka wa ma ba bakinsu ɗaya ba.

Wanda ya kafa ƙungiya, ko manajanta, kada ya zaɓa da kansa. Zai ɗauko wadda ta fi yi masa godiya, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya. A kira taron duk waɗanda suka ci moriyar ƙungiya cikin shekaru 5 na baya, a sanar da sati uku, ta waya da masallatai da bakin magajiyoyi. A bayyana aikin tukuna: zama huɗu a shekara, ba albashi, ba ikon sa sunan kowa a jerin rabo. Da an faɗi wannan na ƙarshe, rabin masu sha'awa za su janye, kuma alheri ne. Sauran su tsaya takara a yi ƙuri'ar sirri. Waɗanda ba su karatu, a ajiye akwati mai hoton kowane ɗan takara a bayan labule, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa. Ɗaga hannu a gaban ma'aikatan da ke riƙe da jerin rabo ba zaɓe ba ne. A kuma duba zango yadda yake: akwai Dagomba, Mosi, Farafara, Kotokoli, Wangara, Zabarmawa, Busanga da sauransu. Idan mafi yawan kayayen da kuke yi wa aiki Dagbanci ko Mampurusanci suke ji, kujeru uku duka su faɗa hannun 'yan gari masu Hausa da Twi, to an yi zaɓe amma ba a sami wakilci ba.

Sai a bar tazara. Wanda ya gama karɓar tallafi ya yi wata 12 kafin ya hau kujera. Wanda kuɗin makarantar ɗansa na zangon karatu mai zuwa ke hannun manaja ba zai tambayi manajan inda rasit ɗin man mota ya shiga ba, kuma rashin adalci ne a sa masa ido ya yi. Inda hidimar ba ta ƙarewa, kamar ciwon sikila ko naƙasa, tazara ba ta yiwuwa. A nan sai a rubuta a kundin ƙungiya cewa ba a rage wa ɗan kwamiti hidima, ba a kuma ƙara masa, saboda abin da ya faɗa a zama, kuma duk canjin da ya shafi fayil ɗinsa sai mutum biyu sun sa hannu, ɗayansu ba ma'aikacin da ke ƙarƙashin manaja ba.

Batun kuɗi. Ana cewa aikin sa kai ne, gaskiya ne, amma sa kan mai mota daban da na mai talla. Yawancin kundin ƙungiyoyinmu, musamman waɗanda aka kwafo daga samfurin da ke cikin doka, sun hana biyan ɗan kwamiti albashi amma sun yarda a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa. Ku duba naku. Kuɗin motar haya ta trotro ko keke mai ƙafa uku na pragya, kuɗin kati da data, abincin ranar zama, duk suna cikin wannan. A tura kuɗin mota ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kwana ɗaya kafin zama, domin mai buƙatar a mayar masa sau da yawa ba shi da abin da zai fara kashewa. A tura wa kowa daidai, har Alhaji ciyaman; in ya ga dama ya mayar wa ƙungiya a asirce ya karɓi rasit. Abin da ke kashe zuciya shi ne a tashi daga zama, ma'aji ya kira mutum gefe a gaban kowa ya danƙa masa ambulan. Lissafin ba shi da yawa: mutum 9 sau zama 4, kuɗin mota 36 ke nan a shekara, a sa shi a kasafi da sunansa. Biyan diyyar cinikin da aka rasa kuwa yana iya zama lada a idon kundinku, don haka ku tambayi odita kafin ku fara. Mafi sauƙi a tsara zaman yadda ba wanda zai rasa cinikinsa: awa biyu, bayan la'asar, a ofishin ƙungiya ko ajin makaranta a cikin zango. Otal a Ahodwo ko Nhyiaeso da ƙarfe tara na safe zama ne na masu albashi. A watan azumi a ɗage ko a mayar da shi hantsi, tunda da yamma mata na bakin murhu.

Yanzu ga zaman kansa, inda mafi yawan kyawawan niyyoyi ke mutuwa. Ga yadda yakan kasance. Sabuwar 'yar kwamiti ta iso da wuri, ta zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa. A nan take aka miƙa mata takardu shafi talatin da Turanci. Akanta ya karanta lissafi cikin minti biyar, ciyaman ya ce akwai mai magana, kafin ta haɗa tambayar a ranta an wuce. Da aka kawo ruwa ta miƙe ta hau rabawa, ba wanda ya hana ta. A ƙarshe aka ce ta faɗi wani abu, ta yi godiya, ta yi addu'a. An rubuta ta halarta. Zama uku a haka, na huɗu sai ta aiko cewa jikanta ba lafiya, sai a ce ai dama irinsu ba sa iyawa.

Gyaran ba shi da tsada. Takardu su isa hannun kowa kwana 7 kafin zama, tare da saƙon murya na WhatsApp na minti biyar zuwa goma, da Hausa ko Twi, inda sakatare zai faɗi abubuwan da za a yanke hukunci a kansu da abin da kowane zaɓi zai jawo. Lissafi ya zo da shafi ɗaya a sama mai layi biyar: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage a banki da MoMo, bashin da ake bin ƙungiya, da kuɗin da mai tallafi ya ɗaure wa wani aiki na musamman wanda ba a taɓa shi don wani abu. A haɗa da takardar banki ta ainihi, ba kwafin da aka buga a kwamfutar ofis ba. Za ku ga manyan ma wannan shafin suke fara dubawa. A haɗa kowane sabon ɗan kwamiti da tsoho guda da zai kira shi kwana biyu kafin zama su bi takardun tare. Kada ya zama manaja.

Iyayenmu, a gafarce mu a nan. Tarbiyyarmu ta hana ƙarami yin magana bayan babba ya yanke, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida da majalisa. A kwamiti kuwa, idan Alhaji ya fara faɗin ra'ayinsa, magana ta ƙare. Don haka ciyaman ya juya tsarin: a kowane batu a fara jin sababbi da ƙanana, manya su biyo, shi ya zo ƙarshe. Kada ya ce "akwai mai magana?", ya kira suna ya yi tambaya takamaimai: "Hajiya, wannan fom ɗin, da ke ce za ki cika, ina zai ba ki wahala?" Batun albashin manaja, sabunta kwantiraginsa, ko ƙorafi a kan ma'aikaci, manaja ya fita a yi ƙuri'a a takarda. Wanda bai yarda da hukunci ba yana da haƙƙin a rubuta hakan a bayanin zama, kuma sakatare ya karanta bayanin da Hausa a zama na gaba kafin a amince da shi.

Abin da ya fi duka nauyi ba a ɗakin taro yake ba, yana ƙofar gidanta. Ranar da labari ya bazu cewa ta shiga kwamiti, kafin magariba tsakar gida ta cika: ƙanwar miji da kwafin katin Ghana a leda, maƙwabciya da takardar asibiti, tsohuwar da ta yi mata wankan jego tana cewa kada a manta da jikanta. In ta ce ba ta da iko a ce ta samu wuri ta yi girman kai, in ta yi ƙoƙari ta saɓa amana. Kwamiti ne zai cire ta daga wannan tarko. A rubuta, a kuma sanar a taron jama'a da bakin ciyaman, cewa kwamiti sharuɗɗa kawai yake sawa, ba ya zaɓar sunaye. Ma'aikata ke tantancewa, wani ƙaramin kwamiti na daban ke jin ƙorafi. Sai ta sami abin faɗa da gaskiyarta: "Yaya, ko Alhaji ciyaman ba ya sa suna. Ga ranar da ake karɓar fom, zan raka ki." Dokar nan kuwa sai ta hau kan kowa. Idan manya na turo sunaye ta bayan gida, zango zai sani cikin mako guda, kuma ita za a zaga.

Haka batun dangantaka. Doka ta 992 ta wajabta wa darakta ya bayyana duk wata maslaha da yake da ita a harkar da kamfani zai shiga, a kuma ajiye rajistar hakan. A buɗe littafi, a farkon kowane zama a tambayi kowa, daga ciyaman zuwa ƙasa: akwai ɗan'uwanka ko kasuwancinka a cikin abin da za a tattauna yau? Mai shi ya faɗa, a rubuta, ya fita har a gama. Mun fi ganin ana tsananta wannan a kan talakan da ƙanwarsa ta nemi tallafi, ana kawar da kai daga ɗan kwamitin da shagonsa ke kawo wa ƙungiya shinkafa. In kuma rayuwa ta juya wa ɗan kwamiti baya ya sake buƙatar taimako, kada a kore shi, kada kuma kunya ta hana shi nema. Ya cika fom kamar kowa, ya ɗan jingine kujerar har a yanke.

Sirri. A zango, "wata bazawara mai 'ya'ya huɗu a bayan masallaci" suna ne cikakke. Abin da ya zo kwamiti ya zo da lamba, ba suna, ba unguwa, ba hoto. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta shafi ƙungiyoyi, kuma ta fi tsanantawa a bayanan lafiya. Kowane ɗan kwamiti ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Sirrin sabuwar 'yar kwamitin ma a kiyaye: ma'aikaciyar da ta san ranar da aka kore ta daga ɗaki saboda kuɗin haya yanzu tana aiki ƙarƙashin kwamitin da take ciki. A rufe tsohon fayil ɗinta, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Ita kuma a gaya mata tun farko cewa ɗan kwamiti ba ya shiga ofis ya ba ma'aikaci umarni ko ya rama tsohon wulaƙanci. Ƙorafi ta hannun ciyaman yake bi.

Kada kujera ta zama kuɗin sayen labarinta. Duk sanda baƙi masu tallafi suka zo a tsayar da ita ta ba da tarihin wahalarta har ta yi hawaye, a ɗauki hoto a sa a Facebook, wannan ba ya cikin aikin darakta. In ana so, a nemi izini a takarda daban, a faɗi inda hoton zai fita, ta kuma iya janyewa. A gabatar da ita ga baƙi kamar sauran: 'yar kwamiti, mai sana'a kaza.

Ku kuma 'yan'uwa da za a zaɓa, kalma biyu. Kada ku sa hannu a cekin da ba a rubuta adadi da sunan mai karɓa ba, ko wa ya kawo shi, ko da an ce sauri ake. A shekarar farko ma kada ku yarda a sa ku cikin masu sa hannun banki. Ku riƙa tambaya a kowane zama ko an biya SSNIT na ma'aikata, wato kashi 13 cikin 100 na albashi da ƙungiya ke biya da kashi 5.5 da aka cire daga albashinsu, da harajin albashi na GRA, a nuna rasit. Ku tambayi layin MoMo da ake karɓar gudummawa da sunan wa yake. In na wayar mutum ne, ku nemi a mayar da shi sunan ƙungiya.

Wasu za su ce a fara da kwamitin ba da shawara na tsofaffin masu cin moriya. Yana da amfani a matsayin wurin koyo, musamman ga wanda rantsuwar doka ta hana shi zama darakta. Amma shawara ana iya jin ta a ajiye; in za a yi shi, a rubuta cewa daga cikinsa ake cike kujerun nan, kuma kwamitin gudanarwa zai ba da amsa a rubuce kan kowace shawara.

Duk wannan sai ya shiga kundin ƙungiya, in ba haka ba ranar da ciyaman ya sauya zai tafi da shi. Gyaran kundi na buƙatar ƙuduri na musamman, wato amincewar kashi uku bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a babban taron mambobi, bayan sanarwar kwana 21 mai ɗauke da kalmomin gyaran, sannan a kai wa magatakarda kwafi. A rubuta adadin kujeru, yadda ake zaɓe, tazarar wata 12, da wa'adin shekara 3 da ake sabuntawa sau ɗaya. A karon farko a jefa ƙuri'a tsakanin ukun, ɗaya ya yi shekara 1, ɗaya 2, ɗaya 3, don kada su sauka rana guda a koma farawa daga tushe. Muna roƙon sakatarorinku su sa batun a ajandar babban taron shekara mai zuwa.

Wassalamu alaikum.

Daga 'ya'yanku da ƙannenku, masu aikin sakatariyanci da ajiyar lissafi a ƙungiyoyin zango, Kumasi.